Waiwaye: Bashin da Na Ci a Zaure

A watan Maris na 2006 ina koyarwa a wata firamare da ke bakin birnin Kano, wajen da gidajen bulo ke ta cinye gonaki, sai aka ɗauke mu aikin ƙidaya. Aka yi mana bita ta 'yan kwanaki, aka ba kowa jaka da fensir da alli, da tawadar da za a shafa wa mutum a yatsa don kada a ƙirga shi sau biyu, da taswirar yankin da zai zagaya. Aka haɗa ni da wata malama. Duk gidan da aka rubuta "ba shiga" ita ce za ta kutsa wajen mata, ni kuwa in zauna a zaure da mai gida.

Rana ta biyu muka faɗa gidan wani dattijo manomi, mai mata uku. Ya shimfiɗa mini buzu, ya sa aka kawo ruwan randa a kwanon sha, muka gaisa har muka gaji. Da na buɗe fom na tambaye shi 'ya'yansa nawa ne a gidan, sai ya kalle ni kamar na yi ashar.

"Malam, ai ba a ƙirga 'ya'ya. Kyautar Allah ce."

Na ce, "Baba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gwamnati ce take son ta san yawanmu."

Ya yi murmushi, ya ce to ya ji, amma shi ba zai faɗi adadi da bakinsa ba, sai dai ya riƙa kiran suna ni kuma in lissafa abina. Haka aka yi. Ko a nan ma sai da ya tsallake ɗan farinsa, ƙanensa ne da ke gefe ya faɗa mini sunan. A cikin gida kuma malama tana can tana fama da mahaifiyar uwargida, wadda ta dage cewa shekarunta ɗari. Da aka bi ta a hankali sai ta ce shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna tana goyon 'yarta ta fari. Sarauniya ta zo a 1956, muka buga lissafi, tsohuwa ba ta ma cika saba'in ba. Da irin wannan ma'auni muka auna shekarun rabin unguwar: shekarar da motoci suka koma hannun dama, 1972, shekarar da naira ta kori fam da sule, 1973, shekarar Maitatsine, 1980.

Da muka gama, na rubuta lamba da alli a jikin katangarsa, sai dattijon ya raka ni bakin ƙofa ya ce, "To Malam, kun ƙirga mu. Idan kun gama tarawa, ka zo ka faɗa mana mu nawa ne a unguwar nan." Na ce in sha Allahu, Baba. Da zuciya ɗaya na faɗa, don a zatona abu ne mai sauƙi.

Shekara kusan ashirin ke nan, ban cika wannan alƙawari ba.

Tsoron da dattijon ya nuna yana da asali. A zamanin Turawa, duk ranar da aka ga malamin hakimi da littafi da alƙalami a ƙofar dagaci, an san zancen: haraji ne a kan magidanta, jangali a kan shanu. Wanda aka rubuta shi ne zai biya. Saboda haka mutane suka ƙware wajen ɓoyo, saurayi ya shige rumbu, makiyayi ya kora rabin garke daji. Sai a 1979 gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, amma tabon bai goge daga zukata ba. Ƙidayar 1952 zuwa 1953, wadda ta ce 'yan Najeriya sun ɗan haura miliyan 30, a cikin wannan yanayi aka yi ta.

Da mulkin kai ya zo sai reshe ya juye da mujiya. Yawan jama'a ya zama shi ne ma'aunin kujerun majalisa da rabon arzikin ƙasa, kowa ya koma neman a ce ya fi yawa. An yi ƙidaya a 1962, rigima ta tashi, aka soke ta. Aka sake a 1963, aka ce mutum miliyan 55.6, Arewa tana da kusan miliyan 30. Firimiyan Gabas, Michael Okpara, ya ce bai yarda ba, har gaban Kotun Ƙoli aka je. A 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta sake gwadawa, aka fito da miliyan 79.8, hayaniya ta fi ta da, Janar Murtala Muhammad ya hau mulki a 1975 ya yi fatali da ita, aka koma kan alƙaluman 1963. Da su aka yi ta lallaɓawa har 1991, shekara 28 cur, lokacin da Alhaji Shehu Musa, Makaman Nupe, ya jagoranci wata ƙidayar a zamanin Janar Babangida. Kafin a yi ta kowa yana cewa mun haura miliyan 100, sai sakamako ya nuna miliyan 88.9.

Tamu ta 2006 kuwa, gwamnatin Obasanjo ta cire tambayar addini da ta ƙabila daga fom don a rage fitina. Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba. Aka ce ƙasa tana da mutum miliyan 140.4, Kano miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1. Gwamnatin Legas, ƙarƙashin Bola Tinubu a lokacin, ta ce ita nata lissafin ya haura miliyan 17. Na tuna yadda muka yi ta musu a teburin mai shayi, muna jin daɗi wai Kano ta kere wa Legas, kamar ƙwallo aka buga muka ci. Ni ma da ni aka yi wannan murna, ba zan ɓoye ba.

Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne, duk cikin masu murna da masu fushi ba wanda ya tambayi abin da ke cikin fom ɗin. Ni da na cika shi da hannuna na san ba kawuna kaɗai muka ƙirga ba. Mun tambayi shekarun kowa, da zurfin karatunsa, da sana'arsa, da ko yana da aure. Mun rubuta inda gida ke samun ruwan sha, rijiya ce ko famfo ko 'yan garuwa. Da irin makewayin da ake amfani da shi. Da abin da ake girki da shi, itace ne ko kananzir. Da abin da aka yi rufi da shi. Wannan shi ne naman, jimillar da aka yi ta faɗa a kanta ƙashi ce kawai. Mu kuwa muka rungumi ƙashin muna gurguro.

Sai bayan wajen shekara takwas na gane girman asarar. A lokacin na zama mataimakin hedimasta, kuma ajinmu na ɗaya ya cika ya batse: yara 130 da 'yan kai a ɗaki guda, na gaba a ƙasa, na baya a kan taga, malama ɗaya tana ta ihu har muryarta ta dishe. Kwamitin iyaye da malamai ya yanke shawarar a rubuta takardar neman ƙarin azuzuwa. Wani tsohon ma'aikacin gwamnati da ke cikinmu ya ce kuka ba ya gina aji, mu sa alƙaluma: yara nawa ne 'yan shekara 6 zuwa 11 a mazaɓarmu, nawa ke zuwa makaranta, nawa za su iso nan da shekara uku. Aka ce ai ga wanda ya yi aikin ƙidaya, shi zai samo. Na karɓa da fara'a.

Ofishi uku na shiga. A na farko aka ce mai riƙe da makullin kabad ya tafi ta'aziyya. A na biyu aka ce in rubuto takarda ta hannun shugabana, na rubuto, aka ce a dawo wani mako, na dawo, aka ce fayil ya hau sama. A na uku na dace da wani bawan Allah mai kirki, ya jawo wani ƙaton littafi ya kaɗe masa ƙura, ya buɗe mini shafin ƙaramar hukumarmu. Ga jimilla, ga maza, ga mata. Na ce ta mazaɓa nake nema. Ya girgiza kai ya ce, "Malam, iyakar abin da muke da shi ke nan. Ka ɗauki wannan ka riƙa ƙara kashi 3.2 cikin ɗari kowace shekara, sannan ka raba da yawan mazaɓu." Ba laifinsa ba ne, abin da ke hannunsa ya ba ni. Sakamakon 2006 a matakin jiha da ƙananan hukumomi 774 aka wallafa shi, shi ya sa har yau ɗalibin da ke son yawan mutanen wani gari yakan koma kan alƙaluman 1991 ya yi ta ninkawa.

To amma wannan lissafin raba-daidai ina zai kai mu? Unguwarmu a 2006 rabinta gonakin gero ne. Kafin shekara takwas ta cika fal da mutanen da hayar cikin birni ta koro, da waɗanda suka baro ƙauye, da waɗanda rikicin Arewa maso Gabas ya taso. Mazaɓar da ke maƙwabtaka da mu kuwa tsohuwar unguwa ce, ko filin da za a kafa rumfa babu. A ce su da mu kashi ɗaya muke ƙaruwa, ai an yi wa gaskiya kwalliya da toka.

Ƙarshenta wajen matan rigakafin shan inna muka samu mafita. Su ne ke bin gida-gida suna ɗiga wa yara magani, suna rubutu da alli a jikin ƙofa, kuma kowace ta san yara 'yan ƙasa da shekara biyar nawa ne a layinta, har da gidan da ake ɓoye su a ƙarƙashin gado. A shekarun nan ne masu yaƙi da cutar suka daina dogara da taswirar da aka zana da hannu, suka koma amfani da hotunan tauraron ɗan'adam, suka gano rugage da ƙananan ƙauyuka da ba su cikin lissafin kowa, ba a taɓa kai musu maganin ba. Wannan sanin inda mutane suke yana cikin abin da ya sa a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Mu kuma muka ɗauki abin da matan suka ba mu, muka haɗa da mai unguwa da limamai biyu da wasu samari, muka bi layi-layi da littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Mako biyu muka yi. Wato aikin da na yi a 2006 da kuɗin gwamnati, shi na sake yi da kuɗin aljihunmu, don amsar ta farko ta tafi ba ta dawo ba.

Tun daga nan nake cewa ƙidaya bashi ce. Mutum ya buɗe maka zaurensa, ya faɗa maka abin da ko surukinsa ba ya faɗa wa, har da irin masan da yake shiga. Biyan bashin shi ne a mayar masa da labarin a siffar da zai iya amfani da ita. In ba haka ba an koma gidan jiya ke nan, ana ƙirga talaka don amfanin wani, sai dai da haraji ake karɓa, yanzu kuma kaso ake karɓowa daga Abuja da sunansa.

Ba kuma abu ne da ya gagari ƙasashe irin namu ba. Ghana ta yi ƙidayarta a 2021 da na'urorin hannu maimakon takarda, cikin 'yan watanni ta ce mutanenta miliyan 30.8 ne, daga baya hukumar ƙididdigarta ta buɗe wani rumbu a intanet mai suna StatsBank inda kowa zai shiga ya haɗa jadawalin da yake so: wannan gunduma, waɗannan shekaru, mata ko maza, masu karatu ko marasa. Ɗan zango a Kumasi da ke da waya da data yana iya samun abin da ni na sha rana ofishi uku ban samu ba. A Jami'ar Minnesota ta Amurka kuma akwai wani shiri, IPUMS, da ya tattara samfurin ƙidayar ƙasashe kusan ɗari, an goge sunaye da duk abin da zai sa a gane mutum, masu bincike na ɗauka kyauta. Da na leƙa na tarar da ƙidayoyin Ghana a jere. Abin da ke ƙarƙashin sunan Najeriya kuwa binciken gidaje ne na Hukumar Ƙididdiga, ba ƙidayar da muka yi ba.

Na san abin da wani zai ce: idan aka baza bayanai, sirrin mutane fa? Tambaya ce mai kyau, kuma ni da na zauna a kan buzun dattijo ba zan so a ga sunayen matansa a waya ba. Amma an daɗe da gano maganin wannan. Adadi ake saki, ba suna ba. Amurkawa da suke ƙidaya duk shekara goma tun 1790 suna sakin jadawalin har na ƙananan unguwanni, takardun da ke ɗauke da sunaye kuwa sai sun shekara 72 a kulle. Na 1950 sai a 2022 aka buɗe su. Akwai kuma mai cewa idan aka fitar da adadin kowane ƙauye, asirin inda aka yi aringizo zai tonu. To ai wannan shi ne amfanin abin. Jimillar jiha ba wanda zai iya ƙaryata ta ko gaskata ta sai da son rai, amma idan aka ce ƙauyen su wane mutum dubu goma ne, kowane mai tallan goro da ke zuwa cin kasuwarsu zai iya cewa a'a, ko da awakinsu ba su kai ba. Da ɗan gari akan ci gari. Ƙila da tun 1963 ake buɗe littafin har ƙasa, da ba mu shekara sittin muna zargin juna ba.

Akwai wani abin da alƙaluma ke yi wanda ba a cika faɗa ba: suna kashe tatsuniya. Sau nawa ka ji an ce a majalisa, har ma a kan mumbari, wai mata sun ninka maza uku ko huɗu? Ƙidayar 2006 ta ce maza miliyan 71.3, mata miliyan 69.1. Ko da an ce wasu matan kulle sun kuɓuce wa lissafi, kuma na yarda hakan na faruwa, ba za a samo ninki uku daga nan ba. Mai son ƙara aure ya ƙara abinsa, addini ya ba shi dama da sharuɗɗanta, amma ya bar ƙidaya ta huta. Haka kuma binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa mace a Najeriya tana haihuwar 'ya'ya 5.3 a matsakaici, a Legas 3.4, a Katsina 7.3. Ba na kawo wannan don in ce wa kowa ya rage ko ya ƙara ba. Na kawo shi ne don duk wanda ya riƙe 7.3 a kansa ya san cewa ajin da aka gina bana ba zai ishi yaran da ke bayan iyayensu mata yau ba, haka gadajen ɗakin haihuwa, haka rijiyar burtsatse. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kansila ya kamata ya san wannan, da shugabar asibitin sha-ka-tafi, da mai shirin buɗe kemis ko injin niƙa.

Sai dai ko an saka komai a intanet, in da Turanci ne cikin fayil mai shafi ɗari biyar, dattijona bai samu amsarsa ba. Mu mutanen rediyo ne. Me zai hana a ɗauki ƙaramar hukuma ɗaya kowane mako a faɗa da Hausa: ku kaza ne, kashi kaza yara ne, gida kaza cikin goma ke shan ruwan rijiya, a ƙidayar baya kuwa kaza ne? Me zai hana a liƙa takarda guda a ƙofar gidan mai unguwa, yadda ake liƙa sakamakon zaɓe a rumfa? Bature Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya ƙiyasta mazaunan birnin da dubu 30, kuma har yau kowane ɗalibin tarihi yana iya ɗauko wannan adadi. Abin kunya ne a ce ƙiyasin baƙo na sama da shekara 170 da suka wuce ya fi sauƙin samu a kan adadin unguwar da na ƙirga da ƙafata.

An shirya sabuwar ƙidaya a watan Mayun 2023, wadda aka ce da na'ura za a yi ta, sai gwamnatin Muhammadu Buhari ta ɗage ta ana saura 'yan kwanaki. Duk ranar da Allah ya nufa aka yi, na san za a sake zama a teburin mai shayi ana tambayar wa ya fi yawa, Kano ko Legas. Ni dai tambayar da zan yi wa duk yaron da ya zo zaurena da na'urarsa ita ce wadda aka yi mini.

Azuzuwa biyu muka samu daga waccan takarda ta kwamitin iyaye da malamai, bayan shekara biyu, kuma ranar da aka buɗe su suka cika. Dattijon kuwa ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Kwanaki na bi ta layin, na tarar an rushe katangar ƙasar an yi ta bulo, lambar allina ta bi ta. Gonar da ke bayan gidan ta zama shaguna. Wani saurayi yana wanke adaidaita-sahu a ƙofar gidan, na yi masa sallama, na tambaye shi ko jikan marigayi ne. Ya ce e. Na ce ni na ƙirga gidan nan a 2006. Ya yi dariya ya ce ai shi a lokacin yana cikin zanen goyo, an ba shi labari wai har da shi aka shafa wa tawada a yatsa yana ta tsala kuka.

Ya matse tsumman da ke hannunsa, ya ce, "To Baba, mu nawa kuka samu?"